Kwano ko Ƙarfe: Ina Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Sa Kuɗinsa Don Rage Ƙiba?

A da, in aka ce wani a ƙasar Wudil yana neman hanyar rage ƙiba, dariya za a yi, a ce daɗi ne ya yi masa yawa. Ƙiba a wurinmu shaidar wadata ce da kwanciyar hankali. Amarya ta yi wata uku a ɗaki ta fito ta murje, sai a yaba wa ango. Ɗan kasuwa ya ajiye tumbi, a ce harka ta buɗe. Yanzu zancen ya fara sauyawa, domin hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa sun shiga gidajen da ba a san su da su ba. Wanda likita ya ce wa ya rage jiki, da ya buɗe wayarsa zai tarar da kasuwa biyu suna kiransa. Ta farko ta masu tsarin abinci ce: jadawalin ci, garin haɗi, shayin rage tumbi, da zauren WhatsApp da sai an biya ake shiga. Ta biyu ta gidajen motsa jiki ce, inda ake ɗaga ƙarfe da gudu a kan inji. Mutumin Dagumawa a ƙasar Wudil da aljihunsa ba zai ɗauki duka biyun ba, wanne zai zaɓa?

Amsar a taƙaice ita ce: a kwano ake sauke nauyi, da ƙafa ake hana shi dawowa, kuma a wuri irin Dagumawa babu ɗaya daga cikin biyun da ya zama dole a saya. Amma taƙaitacciyar amsa ba ta hana mutum a yaudare shi. Sai ya san dalilin kowace gaɓa.

Wa ke yin ƙiba a ƙauye?

Dagumawa ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, tare da su Darki, Utai, Indabo, Lajawa da Achika. Ƙasa ce ta noma da kiwo da fatauci, ga kogi da masuntansa, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a da ke jawo fatake daga nesa. A irin wannan wuri ba a fara zancen ƙiba ba tare da an tuna da yunwa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Binciken dai ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wato a gida ɗaya za ka iya samun uwa mai fama da teɓa da yaro mai fama da tamowa. Duk shawarar da za ta sa a kwashi kuɗin cefane a sayi garin rage ƙiba, ta cuci yaron.

Manomin da ke wuni da fartanya a damina ba shi ne mai wannan matsala ba. Masu ita su ne waɗanda sana'arsu ta zaunar da su: mai shago, tela, direba, ɗan acaɓa, dillali, ma'aikacin ofis, da matan gida bayan haihuwa uku ko huɗu. Abincin bai ragu ba, wahalar ce ta ragu. Babur ya karɓe tafiyar ƙasa, injin niƙa ya karɓe turmi da dutse, 'yan garuwa sun karɓe guga. Duk wannan ci gaba ne, ba mai fatan a koma baya. Sai dai malmalar tuwon da aka yanka don mai noma ita ake ci gaba da ajiyewa a gaban mai zaman benci, an kuma ƙara mata lemon kwalba da taliyar leda.

Lissafin da ke raba gardama

Jiki yana auna abinci da kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Mutum mai matsakaicin nauyi in ya yi tafiyar sauri ta rabin sa'a, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba. In bai taɓa abincinsa ba, sai ya yi kwana hamsin yana wannan tafiya kafin kilo ɗaya ya sauka.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren. Robar lemon zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu, kalori wajen 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 50 ɗin nan shi ne iyakar sukarin da babba zai sha a yini guda, ta ce rabin haka ma ya fi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Wanda ya bar lemo ɗaya, ya rage cokali biyu na mai a kan garau-garau ko ɗanwake, ya zubar da kalori fiye da 400 a rana ba tare da ya yi gumi ba. Ninki uku ke nan, ko kusa, na tafiyar rabin sa'a.

A je teburin mai shayi da safe a gani da ido. Mai shago ya zauna ya ce a yi masa haɗin kauri. Mai shayi ya kamfaci sukari cokali uku ko huɗu, ya zuba madara, ya ƙara garin koko mai zaƙi, ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa har ya yi kumfa. Ya tsaga rabin burodi ya shafe shi da bota, ya fasa ƙwai biyu a kaskon da mai ya kwanta, wataƙila da taliya ɗaya a gefe. Kafin ƙarfe tara mutumin ya ci kusan rabin abin da jikinsa ke bukata a yini, kuma in ka tambaye shi zai ce maka bai ci komai ba, shayi kawai ya sha. Babu injin gudun da zai biya wannan bashi a sa'a ɗaya.

Akwai kuma wani abin da masu tallan motsa jiki ba sa faɗa. Jiki yana ramuwa. Wanda ya yi gumi yakan ji yunwa ya ƙara loma, ko ya kwanta ya huta fiye da yadda ya saba. A shekarar 2012 masanin nan Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna ƙarfin da 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya ke ƙonawa, mutanen da ke rayuwa da farauta da tono saiwoyi, suna tafiyar kilomitoci kullum. Sai aka tarar, in an daidaita da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai yi nisa da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki yana da dabarar tsuke kashe ƙarfi a wani wuri in an ƙara masa aiki a wani. Shi ya sa mutum zai yi wata biyu yana ɗaga ƙarfe, ya hau sikeli ya ga allura ba ta motsa ba.

To ashe tsarin abinci za a saya?

A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Gaskiya ne abinci ne kan gaba, amma wannan bai nuna cewa jadawalin da ake sayarwa ya cancanci kuɗinsa ba.

Da yawa daga jadawalan nan an kwafo su ne daga ƙasashen da abincinsu ba namu ba. Za ka ga tuffa da safe, ƙirjin kaza da rana, man zaitun, da hatsin gwangwani na kanti. Wasu kuma su ce a bar tuwo da shinkafa da duk wani hatsi, a koma nama da ƙwai da kifi. A ƙasar da gero da dawa da masara suka fi komai araha, wannan umarni ne na a ninka kuɗin cefane. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, jihar Kano ta sa nata 71,000, kuma mafi yawan mutanen karkara ba ma albashin suke ɗauka ba. Tsarin da mutum ba zai iya riƙewa wata shida ba, asarar kuɗi ne tun ranar farko.

Kuma babu wani sirri a cikinsu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Christopher Gardner, sun raba mutum 609 gida biyu: wasu suka rage mai, wasu suka rage hatsi da sukari. Bayan shekara guda kowane ɓangare ya sauke kilo biyar zuwa shida, babu wani bambancin a zo a gani. Abin da ya yi aiki shi ne rage yawan ci, guje wa sukari da kayan kanti, da dagewa. Saurin saukar da ake gani a makon farko na barin hatsi, wanda ake ɗauka hoto a tallata, mafi yawansa ruwa ne jiki ya saki, kuma yana dawowa da an koma tuwo.

Shayin rage tumbi ya fi wannan haɗari. Da yawansu filasko ne a ciki ko wani abin sa fitsari. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya ji cikinsa ya lafe, ya ɗauka kitse ne ya narke, alhali ruwa da gishirin jikinsa ne suka tafi. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kaya da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC ba abin sha ba ne, kuma lambar ma ba shaida ba ce cewa yana rage ƙiba. Abin takaici, kasuwar da ke sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, ita ce ke dawowa bayan 'yan shekaru ta sayar musu da maganin ramewa. Allurar zamani irin ta Wegovy kuwa tana aiki da gaske, gwajin da aka buga a 2021 ya nuna saukar kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka, sai da likita, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda.

Kuɗin gidan motsa jiki na gaskiya

Gidan motsa jiki mai injuna harka ce ta birni. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne. Wanda zai je sau uku a mako zai yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a wata, zuwa da dawowa, a zamanin da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu. Babban shi ne kuɗin hanya, da rabin yinin da aka rufe shago ko aka bar gona.

Ko a inda gidan yake bayan gida, ɗan Adam bai cika zuwa yadda ya yi niyya ba. Masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi bayanan dubban mambobin wasu gidajen motsa jiki a Amurka, suka buga sakamakon a 2006. Masu biyan fiye da dala 70 a wata ba sa zuwa fiye da sau huɗu da ɗoriya, kowace ziyara ta tsaya musu fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga suka saya da dala 10 za su biya. Sun sayi niyya ne, ba motsi ba.

Duk da haka kada a ɗauka motsa jiki abin yarwa ne. Amfaninsa yana wani wurin da sikeli ba ya gani. Yana sauke hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana rage kitsen da ke naɗe da hanji, yana gyara barci. Mai rage abinci kaɗai yakan zubar da tsoka tare da kitse, motsi ne ke riƙe masa tsokar. A birnin Da Qing na ƙasar Sin an fara wani gwaji a 1986 a kan mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Bayan shekara shida, gyaran abinci ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, motsa jiki ya rage da kashi 46. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, mai mutum fiye da 3,000, ya haɗa biyun: a sauke kashi 7 cikin 100 na nauyi, a yi motsi na minti 150 a mako, akasari tafiyar sauri. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58, ta zarce ƙwayar metformin da ta rage kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida da ɗoriya ne kacal. Haka kuma rajistar da aka buɗe a Amurka a 1994 don bin waɗanda suka sauke nauyi mai yawa bai dawo ba ta nuna kusan dukkansu sun sauya cinsu, kuma tara cikin goma suna motsa jiki kusan sa'a guda a rana.

Minti 150 a mako, wanda shi ne kuma ƙaramin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, rabin sa'a ne sau biyar. Hanyar gona ta isa. A bar babur a gida in tafiyar ba ta wuce kilomita biyu ba, a hau keke, a taka zuwa masallacin da ya fi nisa, a buga ƙwallo da la'asar. Matasa sun daɗe da sanin yadda ake cika gwangwani biyu da siminti a soka ƙarfe a tsakani. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ne lokacin da ya dace.

Matsalar tukunya ɗaya

Abin da ya fi kayar da masu niyyar rage ƙiba a wurinmu ba rashin ilimi ba ne, zaman tare ne. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, a kan tire ɗaya ake haɗuwa, kuma mayar da kwano da saura yana da fassara. Magidanci ya bar rabin tuwo, uwargida ta ce, "Maigida, ko miyar ce ba ta yi ba?" In gidan mata biyu ne, maganar ta ma wuce nan. Ya fita majalisa bayan wata biyu a tare shi da, "Alhaji, lafiya kuwa? Na ga ka zube." Mace ta rame, dangi su fara tambayar ko mijin ne ba ya riƙe ta da kyau. Babu jadawalin intanet da ya tanadi amsar waɗannan.

Maganinsu shi ne a yi maganar a fili tun farko, a ce likita ne ya ce a rage, kuma a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya maimakon a ware wa mutum ɗaya girki. Mai cin malmala uku ya koma biyu, a yawaita miya. Kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo da yakuwa duk suna cika ciki da kalori kaɗan, in ba a nutsar da su a mai ba. Wake abinci ne mai gina jiki mai araha kuma yana riƙe ciki: alale da dafaffen wake sun fi ƙosai, don ƙosai mai yake sha. Kifin Wudil a gasa ko a sa a miya maimakon suya. Fura da nono, kunu da zoɓo ba su da laifi, sukarin da ake ɗura musu ne laifin, a rage shi rabi har harshe ya saba. A auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Yalo da goba da kankana su maye gurbin biskit da cincin. A ci tuwon dare da wuri. Koyarwar addini ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi ta riga duk wani mai jadawali. Azumin Litinin da Alhamis ma yana taimakawa, muddin buɗa-baki bai zama ramuwar gayya ba. Bincike a kan watan Ramadan ya nuna mutane kan sauke kusan kilo ɗaya, su mayar da shi cikin 'yan makonni bayan salla.

Kusan duk waɗannan ragi ne, ba ƙari ba. Mai bin su kuɗinsa ne ke saura.

Mata suna da nasu ƙalubalen. Wadda ba ta fita sai da dalili ba za a ce mata ta zagaya gari da sassafe ba. Amma tsakar gida fili ne: tsallen igiya ga mai lafiyar gwiwa, zagaye na minti goma sau uku a rana, tashi da zama daga kujera, daka da hannu wani lokaci. Tafiya Islamiyya ko unguwa a ƙafa tare da maƙwabta ita ma lissafi ce. A nan magidanta ke da rawar takawa, haka ma masu unguwanni da shugabannin makarantu, waɗanda za su iya ware filin makaranta mai katanga na sa'a guda don mata kawai.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Kuɗin farko na gwaji ne. A je asibitin Wudil ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna jini da sukari da nauyi. Wani abin da ake kira ƙiba kumburi ne na ciwon ƙoda ko zuciya, wani kuma aikin ƙwayoyin sa ƙiba ne. Wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai naci, ba murna zai yi ba, likita zai gani. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada su rage ci da ka. In akwai ciwo a ƙasa, zama ɗaya da masanin abinci a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fi wata shida a zauren da ba a san ilimin mai shi ba.

Ma'aunin gida kuwa ba ya cin ko kwabo. A sami zare a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka shi biyu, a zagaya ciki da shi ɗan sama da cibiya. In bakin zaren biyu suka haɗu, da sauƙi. In suka ƙi haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kuma wannan shi ne mizanin da hukumar tsara ka'idojin lafiya ta Ingila ta shawarci manya su kiyaye tun 2022. A ajiye zaren a rinƙa gwadawa duk wata. Saukar rabin kilo a mako ta wadatar.

Gidan motsa jiki yana da ranarsa: ga wanda aiki ke kai shi Kano kullum, ga ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ke da filin wasa kusa, ga wanda ba ya iya dagewa sai cikin jama'a, ko macen da ta sami wurin mata zalla kusa da ita. Su ma su fara da biyan kuɗin shiga na rana. In sun yi wata guda suna zuwa sau uku a mako, sannan su yi rajistar wata.

Ga sauran jama'a, tsarin a bayyane yake: gwaji tukuna, sai gyaran kwano, sai takalmin tafiya mai kyau. A ba wa wannan wata uku. In zare ya fara haɗuwa kuma awon jini ya sauka, an sami abin da masu talla ke sayarwa ba tare da an biya su ba. In babu abin da ya motsa duk da an dage, wurin likita za a koma, ba wurin mai shayin rage tumbi ba.